Dangin Eliyab a Majami'armu

Annabi Sama'ila ma ya taɓa ruɗuwa. Da ya je Baitalami neman magajin Sarki Saul, idonsa na faɗawa kan Eliyab, babban ɗan Yesse, dogo kyakkyawa, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Allah ya ƙi, domin shi zuciya yake dubawa. Aka jero 'ya'ya bakwai, ƙarshenta sai da aka kirawo auta Dawuda daga wurin tumaki. Labarin yana cikin 1 Sama'ila sura 16, kuma 'yan tsirarun Kiristocin ƙasar Ungogo duk mun haddace shi tun muna makarantar Lahadi. Haddar dai aka yi.

Ga Baba Mai Shadda. Sujada ƙarfe tara, shi sai tara da rabi, ba don nisan gida ba, sai don a waiwayo. Kafin ka gan shi ka ji ƙarar sitaci. Masu tsaron ƙofa su tashi yaro daga bencin gaba su kakkaɓe masa, alhali wasiƙar Yakubu sura 2 ta ja kunne a kan wannan ɗin tak. Lokacin baiko sai ya ɗaga ambulan sama kamar mai tare a-daidaita-sahu. Abin da ke ciki, daga shi sai ma'aji, ma'ajin kuwa ya daina murmushi tun bara.

Sai Mai Doguwar Addu'a. In aka ba shi albarkar abinci, tuwo ya huce, miya ta daskare, bai baro Ibrahim da Ishaku ba. A nan inda gona ke manne da gona, kowace damina garmarsa takan yi kuskure, kuma kuskuren kullum cikin gonar maƙwabci yake faɗawa. Ranar godiyar kaka shi ke kawo dami mafi girma. Manyan zangarniyoyi a waje, sun sha ɗauri tsaf. A kwance a gani, ciki duk wanda tsuntsu ya riga ya yi wa sussuka ne.

Mama ta Zumuntar Mata ba ta taɓa fashin anko ba, ɗaurin kanta kuwa yakan tare wa benci uku ganin Fasto. Ba ta gulma, Allah ya kiyaye. Cewa take: "'Yar'uwa, mu sa wance cikin addu'a, kin san mijinta…" Kafin la'asar unguwa duka na addu'a.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Mai Tsumma da Gangan. Ya ji an ce ba tufafi ake dubawa ba, sai ya mai da yagaggiyar riga shaddarsa. Yana da sababbi a akwati. Yakan zauna can baya yana ƙirga masu girman kai, bai taɓa farawa daga bencinsa ba.

Akwai kuma wani tsoho daga wajen Yadakunya, inda mishan ɗin SIM suka riƙe asibitin masu cutar kuturta tun shekarun 1930. Ya warke da daɗewa, amma yatsun sun tafi. Da tafukan hannu biyu yake maƙale tsintsiya, ya share majami'a tun kafin kowa ya iso, ya jera bencina da gwiwa. Ban ce waliyyi ne ba. Bakinsa ba linzami, yaran da suka tako masa shara sun sani. Ni ma ido kawai gare ni irin na Sama'ila, don haka ban san layin da zan sa shi ba.

Da Fasto ya yi wa'azi a kan wannan sura ta Sama'ila, majami'a ta yi tsit, kowa na satar kallon na kusa da shi. Ana tashi Baba Mai Shadda ya gyara hula, ya kama hannun Fasto da hannu biyu, ya ce: "Allah ya ƙara basira, Fasto. Yau kam ka gaya musu gaskiya."