Ire-iren Masu Hawa Tudu Neman Sabis a Yammacin Zamfara

A ƙasashen Turai akwai rukunin mutane da ake kira masu rediyon sha'awa, wato waɗanda hukuma ta ba lasisin aika magana ta iska don nishaɗi ba don neman kuɗi ba, kuma tun shekarar 2002 wasunsu a Birtaniya suka ƙirƙiro wani tsari mai suna SOTA, inda mutum kan saɓa na'ura da batir da sandar eriya ya hau ƙololuwar dutse, ko da ana zuba ruwa, ya yi magana da aƙalla tashoshi huɗu, sannan a rubuta masa maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon tsayin dutsen. Wanda ya tara maki 1,000 sai a naɗa shi "akuyar dutse", kuma da alfahari yake amsa sunan. A ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum ana irin wannan hawa ba lasisi ba maki, domin abin da ake nema a saman tudu shi ne sabis, wato 'yan layukan nan da ke bayyana a kusurwar fuskar waya idan ta gano ƙarfen sadarwa.

Dalilin hawan ba ɓoyayye ba ne ga masana. Igiyar da wayar salula ke amfani da ita tana son miƙaƙƙiyar hanya tsakaninta da ƙarfen, don haka tudu ko kurmi kan raunana ta, kuma ƙa'idar tsohon tsarin GSM, wanda ya shigo Najeriya a 2001, ba ta barin waya ta yi hulɗa da ƙarfen da ya wuce kilomita 35. Sana'ar hawan ta bunƙasa ne a watan Satumba na 2021, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su katse layuka a duk Jihar Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni biyun da umarnin ya ambata suka zama watanni, mutanen Gusau suka riƙa niƙar gari zuwa Funtuwa don kira ɗaya har ita ma aka rufe nata, mutanen yamma kuwa suka koma farautar ɓurɓushin sabis da ke tsallakowa daga maƙwabtan jihohi.

Shugaban wannan jama'a shi ne wanda ake yi wa laƙabi da Injiniya, ko da yake bai taɓa kwance ko da tocila ba. Iliminsa na wuri ne: ya san falalen dutsen da MTN ke sauka a kai, da gindin kalgon da sai Airtel kaɗai ke ziyarta, kuma yana da tabbacin cewa sabis yana bin iska, don haka idan hadari ya taso daga gabas sai ya umarci kowa ya juya wa gabas baya ya ɗaga hannu. Idan kira ya shiga aikinsa ne, idan bai shiga ba laifin mai wayar ne da ya motsa ƙafa. Gaskiyar lamarin ita ce ruwan sama bai cika cutar da igiyar waya kanta ba, ya fi taɓa hanyar da ƙarafan ke isar wa juna saƙo da kuma wutar da ke ciyar da su, amma ba a taɓa jin wanda ya yi wa Injiniya wannan bayani ya samu riba ba.

Wanda ya fi cancantar dogon nazari shi ne Mai Gaisuwa. Wannan bawan Allah yakan taka tafiyar da ta fi awa guda cikin taɓo, ɗauke da saƙo mai nauyi, misali cewa an sa ranar auren 'yarsa ko gulbi ya cinye gonar shinkafa, amma da zarar yayansa da ke Legas ya ɗauka sai tarbiyya ta rinjayi gaggawa. "Salamu alaikum, Yaya, ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ruwa?" Shi kuma Yaya ya amsa cewa ruwa ya yi gyara, alhali mai tambayar yana tsaye ruwan na kwarara daga hularsa zuwa cikin wuyan riga. Daga nan sai a bi gida ɗaki-ɗaki, a gaida Inna, a tambayi jikin Kawu, a yi ta'aziyyar wanda ya rasu tun bara, kuma a daidai lokacin da ya ce "to, dama abin da ya sa na kira", sabis ya yi sallama. Abin lura shi ne ba ya saukowa da ɓacin rai, domin a lissafinsa zumunci ya isa inda aka aike shi, kuma da wuya a ce ya yi kuskure, tun da yayan da aka afka wa da batun kuɗi ba gaisuwa ba lallai ya turo ko kwabo ba.

Kishiyarsa shi ne Mai Filashin, wato mai kiran da ake katsewa kafin a ɗauka don wancan ya biya kuɗin magana. Shi yakan gama aikinsa cikin daƙiƙa biyu, ya shafe sauran yinin a tsugune yana jiran a kira shi, yana ƙunƙuni kan yadda mutanen birni suka lalace.

Akwai kuma Wakili, wanda ke hawa da wayoyin unguwa guda ƙulle a cikin leda, kowace da umarninta, kuma saboda shi ne ke karanta saƙonni kafin masu su, babu bashi ko neman aure ko saki da ke wucewa a garin ba da saninsa ba. Kusa da shi ake samun Mai Jiran Alat, wato sanarwar banki cewa kuɗi sun shiga. Shi ba ya magana da kowa, idonsa kan waya, kuma duk ƙarar da ta yi sai ya miƙe, ya tarar kamfani ne ke yi masa tallan waƙar da mai kira zai riƙa ji.

Idan aka fara walƙiya sai taron ya rabu gida biyu. Masu ganin waya ce ke jawo tsawa sukan kashe tasu su cusa a aljihu, sannan su ruga su fake a ƙarƙashin itacen da ya fi kowane tsawo a kan tudun, wanda shi ne ainihin abin da tsawa ke nema, domin tsayi take bi, ba ruwanta da layin da ke cikin waya. Ɗaya ɓangaren kuwa, waɗanda layi biyu ya bayyana musu a karon farko tun hantsi, sukan tsaya cak a fili da hannu sama, suna cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Abu ɗaya ke sauke kowa ba gardama, shi ne ƙarar baburan da ba a san masu su ba, kuma wannan ba abin raha ba ne a yankin.

A gindin tudu, cikin zaure, dattijon da ke da rediyo mai gajeren zango yana kallon masu saukowa a jiƙe kamar kajin da aka tsamo daga rijiya. Igiyar gajeren zango takan haura sama ta bugi wani sashe na sararin samaniya mai ɗauke da lantarki ta dawo ƙasa, shi ya sa muryar BBC Hausa, wadda ta fara a 1957, ke samun sa har kan buzunsa ba tare da ya taka ko tsauni ɗaya ba, sai dai ya ƙara wa eriya wayar ƙarfe ya saƙala a azara, ya jure ƙarƙarar da walƙiya ke sa wa akwatin. Yana raina masu hawa a fili, yana cewa shi labarin Majalisar Ɗinkin Duniya ke zuwa gaishe shi. Sai dai rediyon ba ya gaya masa ko ɗansa da ke Kaduna ya turo kuɗin taki, don haka da yamma yakan kira jikansa gefe, ya miƙa masa takarda mai lamba, ya ce idan ya je sama ya roƙi Wakili ya yi mata filashin sau biyu.