Kyamarar da ta fi ido gani

Duk shekara sai Canon ko Sony su fito da sabuwar kyamara, masu hoton Yamai su yi ta raɗe-raɗi kamar ana jiran ganin watan Sallah. Amma Philippe Koudjina, da ya ɗauki hotunan shagulgulan daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, da fim baƙi da fari yake aiki, kuma har yau ana baje kolin hotunansa. Za a ce ai ta zamani ta fi kaifi. Ba musu: ba ta barin ƙurji ko ɗaya, har ƙurar hunturu a gashin ido takan fito da ita. Shi ya sa amarya ke ƙara wa mai hoto kuɗi ya goge abin da ya kashe miliyoyin sefa don ya gani.