Da Araha Ta Samu Gata

Makaɗan jita na da wata 'yar akwati da suke takawa da ƙafa don ƙara wa sauti kaushi, sunanta Klon Centaur. Bill Finnegan ya fara haɗa ta da hannu a Amurka a 1994, har ya lulluɓe cikinta da baƙin danƙo kada a sace masa asiri. Yau tsohuwarta sai dubban daloli.

A 2023 wani mai suna Josh Scott ya jera ta da Bad Monkey, wata mai araha ta kamfanin DigiTech da ake yi wa kallon kayan gwanjo. Ya kaɗa wannan, ya kaɗa waccan, kunnuwa suka kasa rarrabewa. Ka ce an huta da tsada? Ina! Rububin arahar aka shiga, farashinta ya yi tashin gwauron zabo, Klon kuwa tana nan kan dubbanta.