Mutanen da Ke Tsakaninka da Takobinka

Kamfanin Bethesda ya fitar da Skyrim a 2011, a 2012 kuma ya saki Creation Kit, wato duk mai son yi wa wasan kwaskwarima, ga fili ga mai doki. Sai dai takobin da ka ƙera a manhajar Blender ba zai shiga wasan ba sai ya koma fayil ɗin NIF, kuma ilimin wannan mayarwar a kawunan mutane yake warwatse. Mutanen kuwa sai an kai zuciya nesa.

Wanda za ka fara cin karo da shi Malam Tsallake ne, marubucin jagora. Zai ɓata shafi biyu yana koya maka yadda ake sauke Blender, har da hoton maɓallin da za ka danna. Da an iso wurin da ka zo dominsa, sai ka ga layi ɗaya tal: sai ka fitar da fayil ɗin kamar yadda aka saba. Wa ya saba? Da ka saba ai da ba ka zo ba. Daga nan ya wuce godiya ga abokansa.

Yayansa ya fi shi gaskiya, amma shi a 2013 agogonsa ya tsaya. Bayaninsa cikakke ne, babu abin da ya rage, illa dai Blender 2.80 ta fito a 2019 ta sauya wa maɓallai mazauni, tsofaffin ƙananan manhajojin da ake liƙa mata suka daina aiki. Ita ma Skyrim Special Edition ta 2016 ta sauya tsarin siffofi daga NiTriShape zuwa BSTriShape. Bin jagorarsa tamkar bin kwatancen wanda ya ce ka karya kwana wajen bishiyar da aka sare tun bara waccan ne.

Mai bidiyo kuma minti arba'in, da kiɗa, da gaisuwa, da roƙon a bi shi. Abin da kake nema daƙiƙa uku ne, a nan ne kuma linzaminsa yake gudun barewa. Datarka ta tafi.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Alhaji A-Wajena-Yana-Aiki. Ka sauke takobinsa, ka zare shi a gaban dodo, sai ga shi shunayya fes tun daga ƙota har tsini, launin da Skyrim ke shafa wa duk abin da bai samo fayil ɗin fatarsa na DDS ba. Ka buɗe fayil ɗin takobin a manhajar NifSkope ka leƙa, ka tarar adireshin fatar yana nuni ne zuwa wani kundi a cikin kwamfutarsa, har da sunansa a jiki. Ka ce, “Alhaji, hanyar fayil ce ba daidai ba.” Ya aiko maka da hoton takobin yana sheƙi a allonsa, ya ce, “Ɗan'uwa, sake sa wasan daga farko.” Bai yi ƙarya ba. A wajensa yana aiki, kuma a duk faɗin duniya a wajensa kaɗai.

Akwai kuma wanda ya taɓa shan irin wahalarka sak: ya yar da makami, makamin ya tsaya cak a iska ya ƙi faɗuwa. Ya yi tambaya, kwana biyu ya dawo ya ce alhamdu lillahi ya gyara. Ta yaya? Shiru, shekara tara ke nan.

Ba na so in taɓa Mai Manhaja, don kyauta ya rubuta ta, da dare, bayan ya taso aiki. Amma duk takardar bayaninsa jimla ɗaya ce, cewa bayani na nan tafe. A Nuwamba 2021, da sabuntawar Anniversary Edition ta karya tarin kwaskwarimar da ke dogaro da manhajar SKSE, irinsa aka yi wa dandazo, kuma a sahun gaba akwai Gwani Na-Ƙagu, wanda bai taɓa biyan ko sisi ba amma tun asuba yake tambayar yaushe za a gyara. Shi ne dai mai kwaskwarima ɗari huɗu a wasa ɗaya, shanunsa na tashi sama, mutanen garinsa sun shanya hannuwa sun sandare, amma ya rantse takobinka, na ɗari huɗu da ɗaya, shi ya lalata masa komai. Bayanin da kai ka kwana kana rubutawa, wanda ba ka tsallake ko mataki ɗaya ba, bai buɗe shi ba.