Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Fulogi

Zuwa ga Malam Fulogi,
Mazaunin kan injin, maƙwabcin fistin,
Ta hannun duk bakaniken da ya kwance ka yau.

Ya aiki, ya zafi, ya kuma haƙuri da mu? Na san ba ka saba samun wasiƙa ba. Abin da ka saba samu shi ne sifana da samfefa da tsaki, sai kuma jifa cikin kwata idan ran mai babur ya gama ɓaci. To yau ga takarda, kuma ta neman sulhu ce, ko da yake akwai ɗan ƙorafi a ciki.

Dalilin rubuto maka shi ne, duk kayan da ke jikin babur babu wanda ake ɗora wa laifi kamarka. Babur ya ƙi tashi da asuba, fulogi ne. Ya yi tari a hawan gada, fulogi ne. Ya shanye man da aka zuba masa kafin azahar, fulogi ne. Na tabbata akwai waɗanda ko taya ce ta yi faci, kai za su fara kwancewa kafin su nemi ƙusa. Ba wai don sun kama ka da laifi ba ne. Kai ne mafi kusa da hannu, kuma kai ne mafi araha. Wanke kafireta aiki ne, buɗe injin kuɗi ne, kai kuwa sifana ɗaya ta ishe ka. An bar jaki ana dukan taiki.

Alhali da za a yi adalci, babu mai shan wahala irin taka. Ƙafarka na waje tana shan ƙura da ruwan sama, kanka na ciki inda fetur ke fashewa. Koyil ya turo maka wutar da ta haura bolt 10,000, kai kuma ka sa ta tsallaka wani ɗan gibi da bai kai milimita ɗaya ba, a daidai lokacin da ake so, ba gaba ba baya. Injin mai bugu huɗu da ke juyi 6,000 a minti yana buƙatar tartsatsi 3,000 a wannan mintin, wato 50 a kowace daƙiƙa. Haka kake yi tun daga Kano har Zariya ba hutu. Idan an isa lafiya sai a shafa tanki a ce Bajaj ba wasa, ko a ce ai Honda daban ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma kai ba ɗan ƙaramin gida ba ne. Tun 1902 kamfanin Bosch na Jamus ya yi rajistar na'urar ba da wuta da ta sa kakanninka suka zama abin dogaro a injin. Gidan NGK ya kafu a Nagoya ta Japan a 1936, har ya sake suna ya koma Niterra a 2023, amma sunan da ke jikinka bai canja ba. Ga 'yan'uwanka na Denso, ga Champion na Amurka, ga Torch na ƙasar Sin da ya cika shagunan kayan gyara. Asali dai kana da shi, ranka ya daɗe.

Yanzu ga ƙorafin. Me ya sa ka rubuta sunanka da harshen da ba mai karantawa? Mutum ya ɗaga ka ya ga C7HSA, ko D8EA, sai ya ɗauka lambar mota ce. Shi ya sa cinikinka a kasuwa bai wuce magana uku ba. "A ba ni fulogi." "Babba ko ƙarami?" "Na nawa ne?" Shi ke nan, an gama. Yaron shago ya miƙa hannu cikin kwali, abin da ya fara taɓawa shi ne rabonka. Idan ya murzu a ramin, an ce ya yi daidai.

Tunda ka ƙi bayani, bari ni in yi maka, in na yi kuskure ka gyara mini da tari. A tsarin NGK harafin farko kaurin haƙoranka yake faɗa: C milimita 10, D milimita 12, B milimita 14. Harafin da ke bin lamba kuma tsawon haƙoran ne, wato iya zurfin da za ka shiga cikin kan injin: H milimita 12.7, E milimita 19. Saboda haka C7HSA shi ne siriri gajere da ke zama a ƙananan injuna masu kwantacciyar silinda, jikokin Honda Cub, irin roba-robar da ake kai yara makaranta da ita. D8EA kuwa na gidan CG125 ne da ɗimbin baburan Sin da aka kwaikwayo daga gare shi. Idan an ga R a cikin sunan, akwai wani ɗan abu a cikinka da ke rage hayaniyar wuta don kada ta rikita na'urorin lantarki, kuma babur na zamani da aka ce a sa masa mai R, to a sa masa.

Inda tarkon yake shi ne, C7HSA da CR7E kaurinsu ɗaya. Duka biyun za su murzu a rami ɗaya lami lafiya, amma ɗaya ya fi ɗaya tsawo da fiye da milimita shida. A sa dogon a gurbin gajere, sai ya zuro kai cikin ɗakin fistin. In an yi sa'a, haƙoran da suka leƙo su tara gawayi, ranar kwancewa ya ƙi fita sai ya tafi da haƙoran kan injin. In ba a yi sa'a ba, fistin ya taso ya gaishe shi, kuma wannan gaisuwar ba ta ƙarewa sai a gaban mai sayar da fistin. A sa gajeren a gurbin dogo, sai ya maƙale can cikin rami yana ƙyasta wuta inda mai ba ya isa sosai, babur ya riƙa tashi da kyar, a sake cewa fulogi ne. To a nan kam fulogi ne, amma wa ya sa shi?

Sai lambar tsakiya, wadda ta fi kowace jawo gardama a bakin garejin. Bakwai ɗin nan ko takwas ba ƙarfin wutarka take nufi ba, duk da rantsuwar da wasu ke yi cewa "mai zafi ya fi ba da wuta". Tartsatsi daga koyil yake zuwa. Lambar tana faɗin saurin da kake sauke zafin da ka ɗauka zuwa jikin injin. Bakinka yana son ya kai wajen digiri 500 don ya ƙone gawayin da ke taruwa a kansa, ya wanke kansa da kansa. Idan kuma ya haura wajen 800, sai ya zama garwashi, ya riƙa kunna mai tun kafin lokaci ya yi, injin ya yi ta ƙwanƙwasa, har ta kai ga fistin ya huje. Tsakanin waɗannan biyun kake rayuwa. Wanda ake kira mai zafi yana riƙe zafi, wanda ake kira mai sanyi yana saurin sauke shi, kuma injiniyoyin da suka ƙera injin sun riga sun auna wanda ya dace da shi.

A nan ma ba ku kyauta ba, ku dangin fulogi, don kun kasa haɗa baki. A gidan NGK da Denso, lamba na hawa sanyi na ƙaruwa. A gidan Bosch da Champion kuwa, lamba na hawa zafi ne ke ƙaruwa. Bakwai ta NGK ita ce 22 a wurin Denso, takwas kuma 24. Torch ya zo ya kira C7HSA da suna A7TC, D8EA kuma D8TC. Yanzu fisabilillahi ɗan acaɓan da ya fito tun duku-duku neman na cefane, yaushe zai zauna haddar wannan? Abin da ya rage masa shi ne ya duba littafin da ya zo da babur, in har bai tafi wurin mai ƙosai ba, ko ya riƙe lambar fulogin da babur ya fito da shi daga kwali. Na ce wanda ya fito da shi, ba wanda wani ya cusa masa a hanyar ƙauye da daddare ba.

Abin da ya fi ba ni takaici a madadinka shi ne, kai kaɗai ne shaidan gani da ido. Babu wanda ke zaune cikin ɗakin wutar nan sai kai, kuma duk abin da ya faru a rubuce yake a fuskarka. Idan ka fito da launin ƙasa-ƙasa mai haske, gida lafiya. Idan ka fito baƙi ƙirin a bushe, mai ne ya yi wa iska yawa: ko an bar cok a ja, ko kafireta na ambaliya, ko ƙurar hunturu ta toshe soson da ke tace iska. Idan baƙin mai danshi ne yana maiƙo, baƙin mai ke haurowa, ringi ya gaji ko robar bawul ta saki, kuma salansa ma tana faɗin haka da shuɗin hayaƙi. Idan kuwa ka fito fari fat, ko da ƙuraje a tangaran ɗinka, zafi ya yi yawa: mai ya yi kaɗan, ko iska na satar shiga, ko an sa fulogin da ya fi ƙarfin injin zafi. Ga kuma ranar da aka sha man bakin titi da aka sirka da kananzir, ita ma ba ka ɓoye ta.

Amma me ake yi da wannan shaida? A goge ta da samfefa, a wanke da fetur, a hura, a mayar. Ko a jefar da kai a sa sabo, shi ma bayan 'yan kwanaki ya fito da fuska iri ɗaya, a ce ai fulogin yanzu duk ba su da kyau. Akwai ma dabarar da ta fi wannan: injin na shan baƙin mai, maimakon a canja ringi sai a sa fulogi mai zafi don ya riƙa ƙone maiƙon. Babur ya tashi, mai shi ya yi murna, bakanike ya karɓi na goro, ciwon kuma yana nan yana girma. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk tartsatsin da ya ɓata fetur ne ya fita ta salansa ba tare da ya tura taya ba, kuma ba kai ke biya ba.

Sai maganar 'yan'uwanka na jabu, waɗanda ke yawo da rigarka suna zubar maka da mutunci. Kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya, har da "Japan" a jiki. Kamfanin NGK da kansa ya sha fitar da gargaɗi a kansu. Mai lura yakan gane su: rubutun jikin tangaran ya yi dishi-dishi ko ya karkace, haƙoran da kaushi, washa tana zamewa ta faɗo da kanta, ɗan ƙarfen da ya lanƙwaso bai daidaita da na tsakiya ba. Babbar alama dai ita ce kuɗin. Wanda aka ce maka na Japan ne kuma aka sallama maka shi a farashin lemon kwalba, kai ma ka san banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni a ganina gara Torch na gaskiya mai lambar da ta dace da NGK na ƙarya, don shi aƙalla bai ɓoye sunan ubansa ba.

Na kuma ga sabbin 'yan gayun gidanku, masu bakin iridiyam, siriri da bai wuce milimita 0.6 ba. Ba na musun ingancinsu. Iridiyam sai zafi ya haura digiri 2,400 yake narkewa, shi ya sa suke daɗewa ba su cinye ba, kuma sukan sauƙaƙa tashin injin. Amma a gaya wa samarin da ke saye don babur ya riƙa tashi sama cewa roba-roba ba za ta zama Pulsar ba. Injin da ke amai da baƙin mai kuwa zai shafe mai tsadar da maiƙo kamar yadda ya shafe mai arahar, asarar ce kawai ta ninka.

Kafin in rufe, in roƙa maka arziki wurin masu ɗaure ka. Kan injin alminiyam ne, kai kuma ƙarfe, in aka yi kokawa shi ne zai sha kashi. A bari injin ya huce. A fara murza ka da yatsu har ka zauna, sannan a kawo sifana a ƙara kamar rabin juyi idan washarka sabuwa ce, in kuwa an taɓa ɗaure ka, ɗan taɓi kaɗan ya isa. Ba a sa ƙafa, ba a ƙara bututu a jikin sifana don a ji daɗin ja. Gibin bakinka kuma, a irin su C7HSA da D8EA, milimita 0.6 zuwa 0.7 ne. Akwai abin auna shi, kuma bai kai kuɗin fistin ba. Ƙwanƙwasa kanka a kan dutse a duba da ido ɗaya ba awo ba ne.

To Malam Fulogi, ga sharaɗin sulhu. Kai ka ci gaba da ba da wuta ko da sanyin asuba, kada ka zaɓi tsakiyar shataletale ko gaban gidan surukai ka ce nan za ka huta. Mu kuma masu babura za mu riƙe lambarka, mu ajiye ɗan'uwanka guda na gaskiya a ƙarƙashin kujera tare da sifanarsa, mu kuma dubi fuskarka kafin mu yanke maka hukunci. Ku kuma da kuka leƙa wasiƙar da ba taku ba, tunda kun riga kun karanta, ku je ku duba lambar da ke jikin naku fulogin, ku rubuta ta a wayarku, gobe in kun shiga shago ku kira shi da sunansa.

A gaida fistin da koyil, a ce wa kafireta tata wasiƙar na nan tafe.

Wassalam.
Naka har kullum,
Wani mai babur da ya gaji da turi.