Tsohuwar Zuma, Sabuwar Gawa

Ranar Talatar da ta wuce yayar mai wannan shafi ta sauka daga Jos da jakar bakko wadda sai da mutum biyu suka kama. Ya ɗauka dankalin turawa ne, har ya fara tunanin inda zai samo ƙwai. Ashe littattafai ne guda 23, kowanne da hoton Baturiya tana kallon ƙasa, Bature yana kallonta, ga hasumiyar majami'a can baya tana kallonsu duka.

"Auta, ka ajiye mini su. Ɗakina yoyo yake yi."

A daren aka ɗauke wuta, waya ta mutu, bawan Allah ya kunna tocila ya jawo ɗaya. Kafin Juma'a ya cinye huɗu, kuma tun daga lokacin yake ƙirga gawa.

Labarin dai wanda aka sani ne. Yarinya ta bar ƙauyensu, ta bar saurayinta na sakandare, ta tafi birni, ta yi shekara 15 ba ta leƙa majami'a ba. Kakarta ta rasu ta bar mata gidan burodi. Ta taho da niyyar sayarwa ta koma cikin mako guda, sai motarta ta mutu daidai allon shiga gari. Wa zai fito daga ƙarƙashin wata mota yana share hannu da tsumma? Shi ne. Bai yi tumbi ba, bai yi sanƙo ba, ba a binsa bashin kowa. A bayansa ga 'yar yarinya mai shekara 6, da giɓi a baki, tana neman wadda za ta yi mata kitso.

To ina uwar yarinyar? Ta rasu.

A littafi na farko hatsarin mota ne. A na biyu ciwon daji. A na uku wajen haihuwa. A na huɗu mota ce ta zame a kan ƙanƙara, wato marubuciyar ta ɗan yi ƙoƙari ta haɗa hatsari da yanayi. Sauran 19 ɗin mai wannan shafi bayansu kawai ya duba, sai ya ga idan ba matar jarumi aka binne ba, to mijin jaruma ne. Duk ƙauyen Amurka da ke cikin littattafan nan bai wuce titi ɗaya da shagon shayi ɗaya ba, amma maƙabartarsa ta isa a yi mata shugaban ƙaramar hukuma. Mai haƙa kabari a garin ya fi fasto aiki. Da akwai ɗan sanda mai hankali a wurin, da zarar ya ga baƙuwar mota ta tsaya tana hayaƙi a bakin gari, sai ya buɗe fayil.

Abin kuwa gado ne. A 1979 Janette Oke, 'yar ƙasar Kanada, ta fitar da Love Comes Softly a kamfanin Bethany House na jihar Minnesota, littafin da ake ɗauka shi ya buɗe kasuwar irin waɗannan littattafai ta zamani. Labari bai yi nisa ba mijin Marty ya mutu a hatsarin doki, shi kuwa Clark Davis da ma ya riga ya binne matarsa, an bar shi da 'yarsa Missie. Gawa biyu ke nan tun ba a gaisa ba. Littafin ya karɓu, tashar Hallmark ta mayar da shi fim a 2003. A 1997 kuma Harlequin, babban kamfanin littattafan soyayya na Toronto, ya buɗe sashen Love Inspired, wanda har yau kowane wata yake sako sababbi kamar ƙosai daga kasko. Tsarin sashen a fili yake: ba ashar, ba a bin ma'aurata cikin ɗaki, soyayya ta tsaya a riƙon hannu da 'yar sumba ɗaya mai kunya. An tsare bakin jarumi, an tsare idonsa. Matarsa ce kawai ba a tsare ba.

Lissafin ba shi da wuya. Ana son jarumi ya zama uba, domin namiji mai goyo yana narkar da zuciyar mai karatu. Ba a son ya haifi 'yar a waje. Ba a cika son ya yi saki ba. Mata biyu kuwa babu hanya. Saura me? Sai a kira motar asibiti.

Marubutan Kano ba su taɓa shiga wannan tsaka mai wuya ba. Tsohuwar budurwa ta dawo? Madalla, a yi wa uwargida kayan faɗar kishiya, a raba kwana, a samu littafi na biyu da na uku a kan rikicin girki. A 2007 har ƙona littattafan soyayya aka yi a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya, alhali a cikinsu uwargida tana nan da ranta da bakinta. Idan ma an kai ga boka da guba, ana sanin wadda ta zuba. A can Amurka marubuciya ce take yin aika-aikar da hannunta, sannan ta sa fasto ya hau mumbari ya ce nufin Allah ne.

Nan ne mai wannan shafi ya ajiye tocila. Wannan baiwar Allah da aka kashe, ita ce ta auri mutumin lokacin da waccan ta tsallake ta bar shi da zobe a aljihu. Ita ta yi naƙuda, ita ta wanke tsumman jariri, ita ta zauna a bencin majami'a kowace Lahadi shekara da shekaru. Ladanta layi biyu a babi na farko da hoto ɗaya a kan kanta, wanda a babi na 14 za a sauke a sa cikin akwati, wai jarumi ya sami warkarwa. Ita kuwa wadda ta yi fushi da Allah shekara 15, bangaskiyarta ba ta tashi dawowa ba sai ranar da ta ga faɗin kafaɗar makaniki a layin mawaƙa. Ba a taɓa samun wadda ta tuba, ta koma sujada, sannan ta sayar da gidan burodin ta hau motarta ita kaɗai ba. Matan Zumunta na majami'a da mai wannan shafi ya sani, masu ɗaura zane iri ɗaya su tafi gaisuwar asibiti da ƙafa, da yawansu gwauraye ne, kuma babu wani tsohon saurayi mai gareji da aka tanadar musu a babin ƙarshe.

Ya kira yayar tasa ya zazzage mata duk wannan. Ta bari ya gama.

"Auta, ka karanta na mai gonar tuffa?"

"Yaya, kisa ake yi a littattafan nan."

"Shi wannan ba ta mutu ba. Ɓata ta yi a teku."

Amma abin da ya fi tsaya masa a rai, in za a faɗi gaskiya, makanikin ne. Mutum ya duba mota, ya gano ciwonta a take, ya ce kayan gyaran sai an yi odarsu, za su iso nan da mako biyu, kuma su iso ɗin. Bai nemi kuɗin gaba ba. Bai cire mata batir ya sa a motar wani ba. Bai ce injin ne, bayan an sauke injin ya ce ashe fulogi ne ba. Har aron tsohuwar akori-kurarsa ya ba ta, da mai a ciki. Mutuwar mutum 23 mai wannan shafi zai iya haɗiyewa, domin rai na Allah ne, amma wannan ƙarya ta yi yawa.

Tasa motar yau wata biyu ke nan tana wani gareji da ba za a ambaci sunansa ba. Ta shiga da ƙarar birki, yanzu tana zaune a kan duwatsu huɗu, wata kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Jiya ya je, yaron shago ya ce oga ya tafi biki. Ya leƙa ƙarƙashin motocin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa wata da suka yi aji uku tare ta fito tana share hannu da tsumma. Kare ya tarar yana barci.