Yadda Ake Raba Rumbun Kwamfuta Ba Sai An Kira Mai Unguwa Ba

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, laftof ta zama kamar buta a garin, kowane ɗakin haya akwai ta. 'Yan Kwalejin Isa Kaita na da ita, har ƙanenka da ke sintiri daga Kurfi ya rungumo tasa. Mafi yawansu kuwa ba sa jin labarin raba rumbun kwamfuta sai ranar da Windows ta yi gardama, mai gyara ya yi mata fomatin, firojet ɗin wata shida ya bi ruwa. Da ma an ja katanga tun farko, Windows ta zauna a sashenta mai suna C, kayanka suna D, da ko an rushe ɗakinta naka yana tsaye.

To ɗan'uwa, kafin ka ƙona data wajen neman magini, leƙa cikin gida. Windows ta zo da nata, sunansa Disk Management, kuma ko kwabo ba ya karɓa. Danna maɓallin dama a kan Start za ka gan shi. Zaɓi C, ka danna Shrink Volume. Da megabait yake lissafi, don haka in giga 100 kake so ka yanka, rubuta 102400. Filin da ya fito ka mai da shi sabon sashe, ka raɗa masa suna. Kada dai ka matse maigida. Windows 11 ba ta yarda da abin da ya gaza giga 64, kuma mai tara tarkace ce, ka bar mata ninkin haka.

Wannan magini dattijo ne mai ka'ida. Zai ja maka katanga, amma ba ya matsar da ɗaki daga inda yake, kuma ba ya faɗaɗa sashe sai in filin yana manne da shi ta hannun dama. In ka ce masa a tura sashen amarya gabas, shiru zai yi maka.

A nan ne ake kiran GParted, wadda nake ƙauna ƙwarai. Tun 2004 take aiki kyauta, kyautar da babu "amma" a bayanta. Daga gidanta na gparted.org za ka sauke ta, ka sa Rufus, shi ma na kyauta, ya ɗora ta a filash, sannan ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Hikimar ita ce Windows tana barci ake aikin, domin ba a matsar da gado mai shi yana kwance. In ta buɗe kada gabanka ya faɗi: babu C, babu D, sai sda1 da sda2, kamar ka je ƙauyen kakanni ka tarar ana kiran mahaifinka da sunan yanka. Da girma za ka gane su. Mai giga da yawa shi ne wanda ka sani. Ƙananan nan na gefe kuwa, da su kwamfuta ke tashi, ka gaishe su ka wuce. Halinta da ya fi burge ni, duk umarnin da ka bayar jerawa take yi, ba ta taɓa komai sai ka danna alamar amincewa. In rumbunka a kulle yake da BitLocker, cire kullen tukuna.

Akwai kuma MiniTool Partition Wizard da AOMEI Partition Assistant da EaseUS Partition Master. Duk suna da na kyauta mai sauƙin sarrafawa, sai dai irin ɗanɗanon mai tsire ne, wasu manyan ayyukan sai ka taɓa aljihu.

Wajen saukewa ka shiga intanet yadda kake shiga kasuwar Laraba, hannu a kan aljihu. Maɓallin da ya fi girma, ya fi kore, yana ta ƙyaftu, dillali ne ba mai kaya ba. Wanda kuma ya ce yana da fasasshiyar manhaja a filash ɗinsa da ya kwana a kwamfuta arba'in, ka yi masa godiya. Me zai kai ka ga kayan sata alhali na halas kyauta ne?

Abubuwa biyu kan jawo zargi a banza. Ka sayi rumbun tera ɗaya, Windows ta nuna giga 931. Mai shago bai gutsura ba: masu ƙerawa da dubu suke awo, Windows da 1024, mudu ne ya bambanta. Na biyu, tsohuwar kwamfuta ta ƙi ƙara maka sashe. Tsarin MBR take bi, shi kuwa kamar magidanci ne, manyan ɗakuna huɗu iyakarsa. Sabon tsarin GPT yana ɗaukar 128, ko da yake ban san wanda ke da kayan cika su ba.

Sai batun wuta, kuma a nan ba na dariya. Wani abokina ya fara matsar da sashe da laftof mai mataccen batir. Sandar aikin ta kai rabi, yana kurɓar shayi, aka ɗauke. Fankar ɗaki ta tsaya, allon ya yi baƙi, shi ma ya tsaya da kofi a hannu. TestDisk, wata manhajar kyauta, kan dawo da sashen da ya ɓata, amma kayan da aka katse ana tsakiyar kwashewa ba duka ke dawowa ba. Hotunan sunan ɗiyarsa suna cikin waɗanda suka tafi. Don haka caji ya cika, ko ka tafi wurin mai sola.

C da D kuwa gida ɗaya suke. In laftof ta subuce daga bayan ɗan acaba, ko ɓarawo ya yi gaba da ita, tare za su tafi. Tun kafin ka taɓa komai, kwafi firojet da hotuna a filash biyu. Ɗaya a aljihunka, ɗayan ka shiga motar Kurfi ka kai wa Inna ta jefa a kwalla, wurin da take ɓoye takardun gona.